Kujerar Bayan Direba

Tun kafin Auta ya iya ɗaura wa kansa wando Yaya ke tuƙi. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon gyaran injina, shi ne kuma ya kama hannunsa ya shigar da shi kamfanin robobin da yake ja wa bas ɗin ma'aikata. Da yake Auta Yaya yake ce masa, sai kowa ya ɗauka, har Manaja da furfurarsa. Da safe ya bi unguwanni ya kwashe mutane, da yamma ya sauke kowa a bakin layinsu. Kujerar Auta ita ce ta bayan direba daidai, ba mai zama a kanta ko da ya makara. Shekara da shekaru a wurin, har ya fi sanin ƙeyar wansa a kan fuskarsa: inda hula ke tsayawa, jijiyar da ke tashi idan wani ya shigo masa ba sigina, da tsohon tabon nan na bayan kunnen dama, wanda ƙarfen taya ya bar masa tun yana saurayi.

Ciwon ya fara da yawan fitsari, ya ƙare a ofishin likita. Ciwon daji ne, a 'yar ƙwayar nan ta maza da ke ƙasan mafitsara. Aka ce ciwon da sinadarin namiji yake ƙiba, don haka sai an kashe wutar sinadarin. Aka sa shi a kan allura duk bayan 'yan watanni, daga baya aka ƙara masa ƙwayoyin da ake sha kafin a ci komai.

Maganin ya riƙe ciwon, amma ya karɓi kuɗinsa a jikin Yaya. Mutumin da ke ɗaga tayar bas shi kaɗai ya koma sai an kama masa. Tumbi ya fito, ƙirji ya yi taushi har ya daina cire riga a gaban mutane. Gumi kan keto masa ko da fanka na kansa. Wata rana Auta ya same shi yana hawaye a gaban talabijin, kan wani tallan madara. Suka yi kamar ba su ga juna ba.

Wuri ɗaya ne bai canja ba. Da ya hau kujerar nan ya dafa sitiyari, sai kafaɗunsa su miƙe, muryarsa ta dawo.

"Dogo, ka shigo da ƙafafun nan naka ko in tafi da rabinka," zai ce wa mai waldar kamfani, bas ta ɗauki dariya.

Ranar da aka canja magani Auta ne ya raka shi, don matar Yaya ba ta jure warin asibiti. Likitar mace ce mai magana a hankali, ta juyo da fuskar kwamfuta suna kallo ko da yake ba su gane komai ba.

"Baba, ƙwayoyin nan sun fara taɓa maka hanta," ta ce. "Gwajin jinin ya hau, na rage, ya sake hawa. Ba zan jira ya kai mu inda ba mu so ba. Allura za ta ci gaba yadda take. Ƙwayar ce za mu canja."

"Wato ta daina aiki ke nan," in ji Yaya.

"Ba ta daina ba. Hantarka ce ta gaji da ita. Sabuwar ba ruwanta da hanta, amma ita ma da nata halin. Tana sa kasala, tana sa jiri, wasu har su faɗi. A cikin mutane ƙalilan kuma tana iya tayar da farfaɗiya. Shi ya sa zan yi maka tambayoyi, ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa suma, ko jijjiga?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa buguwa a kai, mai tsanani?"

Yaya ya gyara hularsa, ya ɗan ja ta zuwa dama. "A'a."

Auta ya ɗaga ido. Yana yaro lokacin, amma bai manta kwanakin da Yaya ya yi a kwance bai san wanda ke kansa ba, mahaifiyarsu na zaune a bakin gado tana kora masa ƙuda.

"Aikin me kake yi?"

"Da direba ne. Na ajiye."

Ta dubi Auta kamar mai neman shaida. Ƙafar Yaya ta sauka a kan tasa a ƙarƙashin tebur, ba da ƙarfi ba. Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Likita ta rubuta magani.

A wurin ajiye motoci ya ce, "Yaya, me ya sa?"

"Me ya sa me?"

"Tabon kanka. Da maganar aiki."

"Tabon da ya girme ta? Su likitoci haka suke, ko maganin mura ne sai sun karanta maka mutuwa." Ya buɗe ƙofa, ya tsaya bai shiga ba. "Auta, sun karɓe komai. Ka sani, ba sai na faɗa maka ba. Wannan ɗayan da ya rage ba zan miƙa musu da hannuna ba. In na ji wani abu, ni da kaina zan sauka. Ka taɓa ganin na sa ran wani a haɗari?"

Bai taɓa gani ba. Da wannan ya lallashi kansa har gida.

Makonnin farko lafiya lau. Har ma Yaya ya fi walwala, ya ce wannan ƙwayar ba ta da sharaɗin yunwa, mutum ya sha shayinsa ya haɗiye abarsa. Auta ya fara jin kunyar zargin da ya yi. Sai dai ya daina gyangyaɗi a bas. Da can da ya zauna yake jingina kai da gilashi, sai a ƙofar kamfani Dogo ya tashe shi da duka a kafaɗa. Yanzu idonsa biyu, a kan ƙeyar nan.

Abu na farko ƙarami ne. Sun tsaya a danja kusa da babbar kasuwa, wuta ta ba su hannu, bas ba ta motsa ba. Na baya suka dame su da hon. Auta ya leƙa madubin da ke saman direba, ya ga idanun Yaya a buɗe suna kallon gaba, bakinsa na motsi kamar mai tauna wani abu. Hannunsa na dama ya bar sitiyari yana tsinkar gaban rigarsa, a hankali, kamar mai cire zare.

"Yaya."

Hannun ya ci gaba da tsinkar rigar.

"Yaya, an ba mu hannu."

Ya yi firgigit, ya sa giya, bas ta tashi sumul. Dogo ya ce daga baya, "Yau kuma Anti ce ta hana ka barci?" Aka yi dariya, shi ma Yaya ya yi. Da suka sauka Auta ya tare shi a gefen injin wanki.

"Ɗazu a danja me ya faru?"

"Wace danja?"

Ba ƙarya a fuskarsa. Wannan ne ya fi tsorata Auta. Da ɓoyewa yake yi, da da sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki ya wuce layin wata mai shara da yake saukewa a wuri guda tun tana amarya, sai da ta buga jikin mota. Wata safiyar kuma Auta ya ga sabon karce a gefen bas, dogo, da fentin ƙofar gareji a jikinsa. Yaya ya ce masu gadi ne suka tura ƙofa bai gama fita ba. Masu gadi suka ce ƙofar a buɗe take tun asuba.

Ranar hutu ya je gidan. Yaya na barci a falo da rana tsaka, baki a buɗe, rediyo na magana a cikinsa. Matarsa ta yafito Auta zuwa kicin. Ita da ba ta ganinsa ba ta tsokane shi da zancen ƙara aure ba, ranar ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

"Ƙanina, zo ka gani." Ta buɗe kwandon wanki ta ɗago rigar matashi. Jini ne a jiki, ya bushe ya yi baƙi. "Shekaranjiya da asuba na ji gado na rawa. Na ɗauka sanyi yake ji. Kafin in kunna fitila ya lafa. Da gari ya waye harshensa a kumbure, ya ce a mafarki ya cije."

"Kin gaya masa abin da kika ji?"

"Na gaya masa. Ya ce in na kuskura na kai maganar waje, in san inda zan kwana." Ta ninke rigar ta mayar can ƙasa. "Bai taɓa yi mini irin wannan magana ba, ko muna yara. Kai yake ji. Ka yi masa magana."

Ya yi masa, da ya farka. Yaya ya saurara har ƙarshe yana murza carbi, sa'an nan ya ce, "Ka gama? Ni na koya maka tsallaka titi. Yau kai ne za ka gaya mini yaushe zan hau titi?"

"To mu koma wurin Likita, mu gaya mata gaskiya. Ai akwai wasu magunguna."

"Ta canja na farko, ta canja na biyu, daga nan sai me? Ka zauna a layin asibitin nan tare da ni, ka ga waɗanda ake ta canja musu. Ina mai gyaran agogon nan da muke hira da shi? Sau nawa aka canja masa kafin a daina ganinsa?" Ya miƙe da kyar, ya dafa bango. "Wannan tana aiki. Gwajina ya sauka. Ba mai taɓa mini ita."

Washegari Auta ya tafi ofishin Manaja da maganar a bakinsa, ya shirya ta tun a hanya. Ya tarar da shi yana shan shayi, ya yi masa nuni da kujera.

"Gara da ka zo. Shugabanni sun ce a karrama wanku a taron ƙarshen shekara. Tun da aka kafa wurin nan ba a taɓa samun direban da ko kaza bai taka ba sai shi. Ga ciwo, ga komai, bai taɓa makara ba. Kada ka gaya masa, so muke ya zo masa ba zato. Me ke tafe da kai?"

Auta ya ce bel ɗin injin na uku ya kusa tsinkewa, a sayo wani. Ya fito da maganar yadda ya shiga da ita.

Daga ranar ya bar kujerarsa. Ya koma kan murfin injin da ke gefen direba, inda zafi ke dukan mutum ta ƙasa, ba mai son zama. Ya ce bayansa ke ciwo, zafin na yi masa daɗi. Yaya ya kalle shi ta gefen ido, daga ranar kuma ya daina yi masa magana a mota. Auta ya auna da ido tazarar da ke tsakanin hannunsa da birkin hannu, da tsakaninsa da sitiyari. Kullum sai ya maimaita a ransa: sitiyari da hagu, birki da dama, a ja a hankali kada ta juya. Ya gaya wa kansa cewa muddin yana wurin ba abin da zai faru. Ya daina zuwa hutun rana don kada a riƙe shi a aiki bas ta tafi ba shi. Da dare in ya rufe ido, titi yake gani yana tahowa.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Yaya ma ya tashi da fara'a, har ya saya wa masu gadi lemo. Da yamma aka tashi, bas ta cika, kowa ya gaji, wasu sun fara barci tun kafin a fita layin kamfani. Suka hau gadar da ke bi ta saman layin dogo. Rana ta yi ƙasa, tana shigowa ta tsakanin ƙarafan gadar tana ɗaukewa, tana shigowa tana ɗaukewa a kan gilashi. Daga can gangara ce har shatale-tale, inda masu sayar da kayan marmari ke jera tebura a gefen titi.

Auta ya ga hannun dama ya bar sitiyari ya nufi gaban riga.

Bai kira shi ba, ya riga ya san ba amfani. Ya cafki sitiyari. Abin da bai shirya masa ba shi ne ƙafar. Jikin Yaya ya sandare gaba ɗaya, kansa ya koma baya, ƙafarsa ta miƙe ta danne totur har ƙasa. Injin ya yi kuka. Auta ya ja birkin hannu, ya ji ƙaurin roba, bas ta ƙi tsayawa, sai dai ta yi ta jan gindi. Ya saki birkin ya kai wa giya duka da tafin hannu har ta fita. Gudun gangara kaɗai ya rage, amma shi ma ya isa. A gabansa motoci ne cunkus a bakin shatale-tale. A hagu masu tahowa. A dama tebura da bangon wata ma'ajiya. Ya karya dama.

Mutane suka watse. Tebura suka yi sama, lemo da kankana suka bazu a titi. Bas ta goga jikinta da bango tana tartsatsi har ta tsaya. Cikin shirun da ya biyo baya, kafin a fara salati, Auta ya ji wani na kiran sunan Allah daga ƙarƙashin mota, da murya ƙasa ƙasa.

Wani mai lemo ne, dattijo, bai iya gudu ba. Tayar gaba ta hau masa ƙafa. Dogo da wasu suka ciro shi. A cikin bas mai shara ta fasa goshi, wani ya karya haƙori, sauran tsoro ne. Yaya na kwance a kan sitiyari yana minshari, kumfa da jini a gemunsa, wandonsa a jiƙe. Auta ya cire rigarsa ta aiki ya rufa masa a cinya kafin mutane su leƙo.

A asibiti ya farfaɗo, ya dubi silin, ya dubi ƙanensa.

"Wa ya kai mutane gida?"

"An kai su."

"Wa ya tuƙa?"

Auta ya gaya masa abin da ya faru. Ya saurara kamar labarin wani ake ba shi. Can anjima ya sake tambaya wa ya tuƙa, aka sake gaya masa. Sai a karo na uku maganar ta zauna. Ya juya fuska bango.

Likita ta zo da safe. Ta karanta abin da aka rubuta, ta sa hannu ta ɗaga hular da matarsa ta sa masa, ta daɗe tana kallon tabon. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta kira Auta waje.

"Kana wurin ranar da na tambaye shi."

"Ina wurin."

"Da na sani, da ba wannan zan ba shi ba. Akwai wadda ba ta cika hawa kai ba." Ta rufe fayil ɗin. "Na tsayar da ita daga yau. Sai jikinsa ya wanke, mun ga hoton kansa, kafin in fara masa wata. Allura kaɗai za ta riƙe shi kafin nan."

"Za ta iya?"

"Da tana iyawa ita kaɗai, da ba mu ƙara mata ƙwaya ba tun farko. Za mu sa ido."

'Yan sanda suka zo suka yi tambayoyinsu, suka tafi da lasisin. Manaja ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi addu'a a gurguje. A kamfani ba wanda ya ce wa Auta komai. Wasu ma har hannu suka ba shi, wai shi ya ceci mutane. Dogo ne kaɗai ya same shi a bayan injin na uku, ya tsaya yana goge hannu da tsumma.

"Tun yaushe ka koma kan murfin injin nan?" ya ce.

Auta ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Dogo ya jinjina kai ya tafi, bai ƙara zama kusa da shi a kantin abinci ba.

Aka sallami Yaya ya koma gida. Farfaɗiyar ba ta dawo ba. Ya kan zauna a falo tun safe, ba rediyo ba talabijin, in an gaishe shi ya amsa. Mai lemo kuwa yana can sashen ƙashi, an yi masa aiki, ana jiran a ga ko ƙafar za ta tsira. Auta na zuwa duba shi bayan aiki, ya zauna a bencin waje tare da 'ya'yansa mata, waɗanda suka ɗauka shi wakilin kamfani ne, suna ta yi masa godiya.

Ranar da za su koma karɓar sakamakon gwaji, Yaya ya ce su fita da wuri, yana so ya ga mutumin da idonsa. Sashen ƙashi a sama yake, lif kuma ta lalace. Suka kama matakala. A hawa na farko Yaya ya tsaya, ya riƙe ƙarfe, ɗaya hannun a ƙugunsa. Ya ɗaga ƙafa zai ci gaba, ya mayar da ita. Gumi ya tsattsafo masa, ba irin wanda suka saba ba, wannan mai sanyi ne.

"Bari in huta," ya ce, ya zauna a kan matakalar mutane na ratsa shi.

"Jiri ne?"

"Ba jiri ba ne. Nan ne." Ya danna ƙasan bayansa, ya bi da yatsa zuwa cinya. "Da dare ya fi."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka tsayar da ƙwayar. Ko kafin nan da kaɗan. Ban sani ba."

Ba su kai sama ba. Auta ya sa kafaɗa ya sauko da shi, a hankali, har ofishin Likita. Wannan karon bai jira a tambaye shi ba, tun daga bakin ƙofa ya faɗa mata. Ta saurara, ta dubi takardar gwajin da ke gabanta, ta kifa ta a kan tebur. Ta sa Yaya ya kwanta, ta bi ƙashin bayansa da yatsa tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo inda ya riƙe numfashi. Ta sake dannawa a sama kaɗan, ya sake riƙewa.

Ta ɗauki waya ta kira ɗakin hoto. Auta ya ji tana cewa ba mako mai zuwa ba, yau take so, kuma a ɗauka duka, daga wuya har ƙugu, a ga ko ciwon ya shiga ƙashi. Sa'an nan ta leƙa waje ta ce wa nas ta kawo keken tura marasa lafiya.

"Zan iya takawa," in ji Yaya.

"Na sani, Baba," ta ce. "Amma ka zauna."